Ƙodar biri, maƙogwaron mutum da raƙuman mayankar Kano

 Ga abin da muka kawo a filin lafiya na wannan mako, mun sa shi a takarda saboda wanda bai samu ji ba.

Tambayar da kuka fi aiko mana ita ce: nibakin ɗin nan, wato kulorokwin, da aka yi ta rububinsa lokacin korona, yaya aka yi daga baya aka ce ba ya aiki? Ƙarya aka yi mana tun farko?

Ba ƙarya ba ce, amma akwai inda gizo ya yi saƙa. A farkon 2020 masu bincike a Wuhan ta ƙasar Sin suka zuba ƙwayar korona a kan wasu ƙwayoyin halitta da ake renonsu a ɗakin gwaji, suka ƙara kulorokwin, sai cutar ta kasa yaɗuwa. Labari ya bazu. A watan Maris shugaban Amurka na lokacin, Donald Trump, ya yabi maganin, kuɗinsa ya tashi, a Legas har aka kwantar da mutane a asibiti saboda sun sha ya wuce kima. To amma waɗancan ƙwayoyin halittar, da ake kira Vero, daga ƙodar wani birin Afirka aka ɗebo su a Japan tun 1962. Ƙodar biri fa, jama'a! Ita kuwa korona ta hanci da maƙogwaro take shigar mutum.

Shi ya sa masana suke da wata dabara, wadda ni a ganina ta cancanci kowa ya san ta. Ana goga ɗan buroshi a cikin hancin mutum, ko a karɓi ragowar naman hanyar numfashi da aka cire wajen tiyata, a ware ƙwayoyin halittarsa, a shimfiɗa su a kan wata 'yar tata mai ƙananan huji a cikin ɗan ƙaramin kofi. Ta ƙasa ana ba su ruwan abinci, ta sama a bar su da iska, kamar yadda suke a ƙirjinka. Bayan kamar mako huɗu sai abin ya zama fatar cikin maƙogwaro sosai: yana fitar da majina, kuma wasu 'yan gasu da ido ba ya gani suna kaɗawa suna share ta. A kan wannan ake ɗiga ƙwayar cuta, a riƙa wanke saman kullum ana ƙirga yawan da ta hayayyafa, da magani da kuma ba magani. Ko ita korona, a irin wannan nama aka fara rayar da ita a Sin aka gane ta, a Janairun 2020.

A watan Yulin 2020 masu bincike a Faransa suka bayyana cewa sun gwada ɗan uwan nibakin, haidiroksi-kulorokwin, a kan wannan nama, bai hana komai ba. Na Jamus su ma sun gwada kulorokwin a ƙwayoyin huhun mutum, haka. Dalilin kuwa ku 'yan kan iyaka za ku fi kowa ganewa. A ƙodar biri hanya ɗaya cutar take da ita: sai ƙwayar halitta ta haɗiye ta cikin wata 'yar jaka mai tsami, shi kuma kulorokwin yana kashe tsamin. A maƙogwaron mutum akwai wani sinadari a bakin ƙofa, ana ce masa TMPRSS2, da yake buɗe wa cutar hanya ta faɗa kai tsaye. Wato an jibge duwan a gadar Malanbil, kaya kuma suna ƙetarewa ta kwalekwale. Babban gwajin da aka yi a kan dubban majinyata a Ingila shi ma bai ga amfaninsa ba. Wanda ya zuba jakunkunan sefa ya tara shi a gida, sai dai haƙuri.

Kada kuma mu kambama kofin nan fiye da ƙarfinsa. Ba shi da hanta, ba ƙoda, ba jini mai zagayawa. Remdesivir ya yi aiki sosai a kansa a Jami'ar North Carolina tun 2017, shi ya sa yana cikin na farko da aka gwada da korona ta zo. Amma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada shi a kan waɗanda ciwo ya riga ya kwantar a asibiti, bai rage mace-mace wani abin kirki ba. Ya fi amfani idan an ba da shi da wuri.

Yanzu makiyaya da dillalan dabbobi, ku matso kusa, nan ne naku. Korona ba ɗaya ba ce, dangi ne. Akwai wadda ake kira MERS, da aka gano a Jidda a 2012, kuma a jikin raƙuma take zaune. Shi raƙumin da wuya ta wuce masa 'yar majina, musamman ƙanana, amma cikin mutanen da aka tabbatar sun kamu, sama da 2,600, kusan ɗaya cikin uku ya rasu, mafi yawa a Saudiyya. A 2015 mutum ɗaya ya kai ta Koriya ta Kudu, ta kama 186, ta kashe 38.

Abin mamakin shi ne, yawancin raƙuman duniya a Afirka suke, to me ya sa ba ma jin ɓarnarta a wajenmu? A 2015 masu bincike na Najeriya tare da na Jami'ar Hong Kong, ɓangaren Farfesa Malik Peiris, suka shiga mayankar Kano. Sama da kashi 90 cikin 100 na raƙuman da suka gwada jininsu ya nuna sun taɓa ɗauka, kuma kamar ɗaya cikin goma yana ɗauke da ita a hanci a lokacin. Suka ɗauki irin ta Najeriya da ta Burkina Faso, suka ɗora a kan naman hanyar numfashi da na huhun mutum da aka cire wajen tiyata, suka kwatanta da irin ta Saudiyya. Sakamakon da suka fitar a 2018 ya nuna tamu ta Yammacin Afirka tana shiga naman mutum, amma ba ta hayayyafa kamar ta Saudiyya.

Alhamdu lillahi, amma kada a saki jiki. Rashin ƙarfi daban, rashin kamu daban. Da suka koma suka duba jinin ma'aikatan mayankar ta wata hanya mai zurfi, cikin mutum 61 masu taɓa raƙuma, 18 jikinsu ya nuna ya taɓa arangama da cutar, alhali gwajin da aka saba yi bai nuna ba. Ka ga ke nan tana tsallakawa, ba a dai lura ba ne, tunda a wajenmu duk zazzaɓi da tari sai mu ce shawara ce ko sauro. Masanan kuma suna fargabar ranar da irin ta Saudiyya za ta shigo garkunan Afirka.

To Alhaji mai raƙuma, da kai sarkin fawa da yaranka: idan ɗan taguwa yana zubar da majina, kada ka kai fuskarka ga hancinsa, ka wanke hannu da sabulu bayan ka taɓa shi. Nonon taguwa a tafasa, nama a dafa ya nuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a guji shan fitsarin raƙumi, kuma ta fi jan kunnen masu ciwon suga da na ƙoda da na huhu, domin su cutar ta fi kayarwa. Alhazai da masu zuwa Umara, wanda ya dawo cikin mako biyu zazzaɓi da tari suka kama shi, kada ya tsaya wurin mai tallan magani. Ya tafi asibiti, kuma tun kafin likita ya tambaya ya gaya masa daga inda ya fito, da ko ya taɓa raƙumi a can.