Ƙwarƙwaron Fatsa: Jawabin Wani Tsohon Ɗalibi a Taron Shekara



An ce kowa ya faɗi abin da yake yi in ya tashi daga ofis. To, ni kamun kifi nake yi. Na ga masu dariya, kuma su ne waɗanda muke satar jiki tare mu gangara Gulbin Rima da fatsar kara. Sai dai ku tuna da yawanmu mun ƙare da tsargiya, muna fitsarin jini muna ɓoyewa. Saboda haka da aiki ya kai ni Goronyo, na ƙudura ba ni ba shiga ruwa, daga gaɓa zan yi jifa. Amma madatsar nan da aka gama ginawa a 1984 faɗi gare ta, manyan kifaye kuwa ba kasafai suke matsowa baki ba. Dole na nemi sandar fatsa mai na'urar naɗe zare.

Iri biyu na tarar. Akwai wadda ƙwarƙwaronta yake tsaye, zare ne kawai ke zamewa. Ko yaro ya iya ta. Akwai kuma wadda ke zama a bisa sanda, ƙwarƙwaron da kansa yake juyawa in an yi jifa. Masu gyaran agogo na jihar Kentaki ta Amurka ne suka yi suna wajen ƙera irinta kusan shekara 200 da suka wuce, kuma mai suna Ambassadeur, ta ƙasar Suwidin, tun 1952 ta fito. Ta biyun na zaɓa, don tana ɗaukar zare mai kauri da koto mai nauyi.

Mai son saye ya dubi gefen da hannun naɗi yake, dama ko hagu, domin ba a sauya shi. Ya dubi lambar jikinta: 6.4:1 na nufin in ka zagaya hannu sau ɗaya, ƙwarƙwaro ya juya sau shida da 'yan kai. Wannan ya ishi ɗan koyo. Ya kuma tabbatar tana da birki.

Ranar farko na wurga da ƙarfina duka. Koto ya faɗa ruwa, ƙwarƙwaro bai daina gudu ba, zare ya cukurkuɗe ya zama kamar sheƙar tsuntsu. Wani tsohon Basarke da ke gyaran birginsa ya dube ni ya ce, "Yaro, wanga ai ƙwarƙwaron masaƙa na." Na ce, "Baba, da kuɗina na saye shi." Ban gaya masa rabin albashi ne ba.

Sai na bar ruwa. Sati uku ina zuwa wani fili a Rabah da yamma, na ɗaura noti a bakin zare ina jifan bokiti. Can na gane sirrin. Akwai ɗan maɗauri a gefe: ka matse shi har ya zama in ka saki, nauyin yana sauka a hankali, ya taɓa ƙasa ƙwarƙwaro ya tsaya. Sauran aikin na babban yatsa ne. Yana shafar zare duk lokacin da koto ke sama, ya danne gab da ya taɓa ruwa. Kada a yi jifa ana fuskantar iskar hunturu, kuma a koya da zare mai araha, don za a yanke da yawa.

Kuskure ɗaya ya rage. A fadamar Wurno na ƙulle tauraron nan da ke barin kifi ya ja zare, wata ƙatuwar tarwaɗa ta fizga sau ɗaya ta tsinke shi. Yanzu ina sassautawa, in bar ta ta gaji.

Tsohon nan har yau ya fi ni kamu nesa ba kusa ba, amma wandona a bushe nake komawa gida. Mai son gwadawa ya same ni ranar Asabar bayan la'asar, ya taho da almakashi.