Makomar Sabuwar Unguwa: Jawabin Ranar Aza Harsashin Masallaci

 



Malamai sun riga sun yi mana bayani mai gamsarwa a kan falalar gina masallaci, ba ni da abin da zan ƙara. Abin da 'yan kwamiti suka umarce ni da shi shi ne in yi magana a kan ita kanta wannan sabuwar unguwa da aka shata a bayan birnin Kano, wadda masallacin zai zauna a tsakiyarta, in faɗi abin da ake hange game da makomarta. Wannan kuwa magana ce da ta shafi kowane mai bayar da gudummawa, domin masallaci ba ya cika sai da jama'a, jama'a kuma ba sa zama sai inda zama ya yiwu.

To, game da masu saye dai, kada kowa ya yi fargaba. Ƙidayar shekarar 2006 ta ba Jihar Kano mutane fiye da miliyan 9, wannan kuwa bayan an cire Jigawa daga cikinta tun 1991, kuma daga lokacin zuwa yau ba a daina haihuwa ba, baƙi ba su daina shigowa ba. Duk wanda ya san Kurna da Rijiyar Lemo da Ɗorayi da Sheka sa'ad da suke gefen gari, ya san yadda birnin nan yake cin gonaki. Mafi yawan wannan faɗaɗa kuwa da awon igiya aka yi ta, watau mai gona ya yanka gonarsa fuloti-fuloti ya sayar, ba tare da ya bar hanya mai faɗi ba, balle magudanar ruwa ko filin makaranta. Sakamakon haka kowa ya san shi: lungun da motar kashe gobara ba ta shiga, da damina ruwa ya rasa hanya ya faɗa cikin ɗakuna, in an yi rasuwa a rasa inda za a bi da makara. Saboda haka duk inda aka ce ga unguwa mai tsari, da titi da kwalbati da takarda, lalle za a yi rububinta. Abin tambaya shi ne, waɗanda za su saya, su ne za su zauna?

Kafin in amsa, bari in tuna mana cewa tsara gari ba baƙon abu ba ne gare mu. A shekara ta 17 bayan Hijira, daidai da 638 Miladiyya, zamanin Sayyidina Umar, Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya kafa birnin Kufa a ƙasar Iraƙi. Masana tarihi sun ruwaito cewa wurin masallaci aka fara shatawa, sa'an nan aka sa wani gwanin baka ya harba kibiya ta kowace fuska, aka ce kowa ya yi gininsa daga bayan inda kibiyar ta faɗi. Aka ƙayyade faɗin manyan hanyoyi zira'i 40, masu bi musu 30 da 20, lunguna kuwa zira'i 7. Ku duba, jama'a, abin da mutanen nan suka fara tsarewa shi ne wurin da ba za a gina ba. A nan gida ma, ganuwar Kano da aka faro zamanin Sarki Gijimasu, wadda Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa, ta kewaye gidaje da filaye da gonaki, aka bar wa na baya wurin da za su motsa. Shi ne kuma ya kafa Kasuwar Kurmi, domin ya san gari ba ya rayuwa sai da wurin neman abinci. A zamanin nan kuwa, wani Bature masanin tsara birane mai suna Trevallion ya zana wa Kano shirin shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983. Shiri ne mai kyau a takarda, amma garin ya fi shi sauri, aka wayi gari jama'a sun gina wurare da yawa kafin hukuma ta iso.

Darasin da ya fi kusa da mu shi ne na rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, waɗanda gwamnatin jiha ta gina tsakanin 2011 da 2015. Ba maganar siyasa nake yi ba, wannan wuri ya fi ƙarfin haka. Gidaje ne masu kyau, da tituna shimfiɗaɗɗu, duk wanda ya bi hanyar Zariya ko hanyar Katsina ya gan su. Amma da yawa daga cikinsu sun shekara da shekaru a kulle, ciyawa ta fito a tsakar gida, har a 2025 gwamnati ta ba masu su wa'adi, ko su shiga ko su ba da haya. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Wanda yake da kuɗin sayen irin wannan gida galibi yana da inda yake zaune, ya saya ne don ya adana dukiyarsa, tun da darajar Naira tana zagwanyewa, ƙasa kuwa kullum tashi take yi. Shi kuwa malamin makaranta ko ɗan kasuwar da haya ta ishe shi a cikin gari, wanda shi ne zai tare da iyalinsa a daren da aka ba shi mabuɗi, kuɗin ya fi ƙarfinsa. Haka aka gani a Abuja bayan gwamnati ta koma can a 1991: manyan gidaje a rufe a tsakiyar birni, ma'aikata kuwa suna kwana a Nyanya da Mararaba da Suleja. In unguwar nan tamu ta bi wannan hanya, to za mu gina masallaci mai ɗaukar ɗaruruwa, liman ya riƙa yin Asuba da masu gadi.

Saboda haka roƙona na farko ga alhazan da suka sayi gida biyu ko uku a nan shi ne, kada a kulle su. Wanda ba zai tare ba ya zuba 'yan haya, ya kuma sassauta musu a shekarun farko. Ba asara zai yi ba. Gidan da babu kowa, gara da yoyo da ɓarayin waya su ne 'yan hayarsa, kuma unguwar da ta cika da mutane ita ce darajar filinta take tashi.

Sai maganar ruwa, wadda a ganina ita ce za ta yanke hukunci. Kano tana da matatar ruwa ta Challawa tun zamanin Turawa, ga ta Tamburawa, ga madatsar Tiga da aka kammala a 1974 zamanin marigayi Audu Baƙo, amma duk da haka unguwanni da yawa da 'yan garuwa da masu kura suke rayuwa. Wanda ya ce kowa ya haƙa rijiyar burtsatse a gidansa, ya tuna cewa ƙarƙashin mafi yawan ƙasar Kano dutse ne, ruwan da ke cikin tsagoginsa ƙayyadajje ne, in gida ɗari suka sa famfo a wuri ɗaya, da bazara sai a ji wasu sun ƙafe. Gara a haɗa ƙarfi a nemi masana su auna inda ruwan yake, a yi 'yan ƙalilan masu zurfi da babban tanki, a ja wa layuka, ana kuma ci gaba da neman hukuma ta kawo bututu. A nan masallaci yana da abin yi. Ai Sayyidina Usman ɗan Affan ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a. Ina ba kwamiti shawara, rijiyar da za a haƙa don aikin gini da alwala, a yi ta da girman da maƙwabta za su ɗiba, a fitar da famfo waje tun kafin a ɗora rufi. Matar da ta san akwai ruwa a kusa, ita ce za ta yarda a tare da ita.

Abu na gaba ya fi wuyar faɗa, amma dole a faɗe shi. Na duba taswirar unguwar nan, na ga an ware filin makarantar firamare, da na asibitin sha ka tafi, da kasuwa, da maƙabarta, da hanyar da ruwan sama zai bi. A yau babu mai kallon waɗannan filaye, domin fili ya yi yawa. Nan da shekara goma, in unguwa ta cika, su ne za su zama nama a gaban kura. Za a wayi gari a ga an sauke bulo a kusurwar filin makaranta, an ce shaguna ne don amfanin makarantar, daga nan sai a nemi filin a rasa. Mun ga yadda aka cike kududdufai da yawa a cikin birni aka yi gini a kansu, ruwan da suke tarewa kuwa bai fasa zuwa ba. Tun daga dokar mallakar ƙasa ta 1978, ƙasar birni amana ce a hannun Gwamna, shi yake ba da takardar mallaka, kuma hukumar tsara birane ce take ba da izinin gini. To, amma hukuma ba ta kwana a nan, mu ne za mu kwana. Ina roƙon a karɓo kwafin taswirar da hukuma ta sa wa hannu, a sa ta cikin gilashi a rataye a shirayin masallaci, inda yaro da babba za su san cewa wancan fili na makaranta ne. Shi kuma filin masallaci da harabarsa, a rubuta shi waƙafi da shaidu, a yi masa takarda da sunan amintattu, kada a bar shi da sunan mutum ɗaya wanda wata rana magada za su zo rabon gado.

Kada kuma mu manta da mutanen ƙauyukan da ke kewaye da mu, waɗanda iyayensu suka noma wannan ƙasa da muke tsaye a kanta. A bisa waccan doka, diyyar da ake biya ta amfanin gona ce da gini da itatuwa, ba ta ƙasar kanta ba, don haka wanda aka karɓi gonarsa ba kasafai abin da ya samu yake saya masa kamarta ba. Ba baƙi ba ne a nan, mu ne baƙi. A sa dattawansu cikin kwamiti, a ɗauki 'ya'yansu aikin gini, in an buɗe Islamiyya a fara da yaransu, in an raba rumfunan kasuwa a ba su kasonsu. Gidajen zamani dai ba su da zaure, katanga ce doguwa da ƙyauren ƙarfe, mutum ya shiga da mota ya fita da mota, sai ya shekara bai san sunan maƙwabcinsa ba. Wurin da ya rage inda mai gidan sama da manomi za su haɗa kafaɗa sau biyar a yini shi ne wannan da muke aza wa harsashi.

Game da shi kansa ginin, shawarata ita ce a bi shi daki-daki. A fara da gwargwadon abin da aljihu zai kammala, a rufe, a shimfiɗa tabarmi, a fara salla, maimakon a kafa ginshiƙai masu yawa su shekara goma suna shan rana. A bar haraba mai faɗi ta gabas da kudu don ƙari nan gaba, a dasa darbejiya a kewaye tun daminar bana, a ware wa mata wurinsu da ƙofarsu tun a cikin zane. Ma'aji yana nan da littafin rasit a ƙarƙashin rumfa, kuma kwamiti ya yi alkawarin karanta lissafin shiga da fita ga jama'a a kai a kai.