Fara'a a Zauren Shari'a

Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, amma a zauren alƙali sai an yi hattara da ita. Wata damina aka kawo ƙara daga Runka ta ƙasar Safana, wai shanu sun yi ɓarna a gonar gero. Manomi ya shigo yana murmushi, Bafilatani kuwa fuska a ɗaure. Tun ban ɗauki alƙalami ba zuciyata ta ba manomi gaskiya. Da shaidu suka zo, ashe burtali ya nome, makiyayi kuwa tsoron kotu ne ya ɗaure masa fuska. To, mu sakar wa kowa fuska daidai, amma kada mu karɓi murmushi a matsayin shaida.