Jawabi a Bikin Ƙaddamar da Littafi kan Jirgin Joola



An ɗora mini nauyin gabatar da wannan littafi, kuma ba zan cinye muku lokaci ba.

Ranar 26 ga Satumba, 2002, jirgin ruwan gwamnatin Senegal mai suna Joola ya tashi daga Ziguinchor, a yankin Kasamas, ya nufi Dakar. Fasinja 536 aka ƙera shi ya ɗauka, amma ranar nan an loda masa fiye da ninki uku. Kada a ga laifin waɗanda suka shiga: hanyar mota sai ta ratsa Gambiya, tawayen Kasamas ya sa ana tsoronta, ga hutu ya ƙare, ɗalibai na gaggawar komawa makaranta. Wajen ƙarfe 11 na dare iska mai ƙarfi ta taso a tekun da ke daura da Gambiya, cikin 'yan mintoci jirgi ya kife. Masunta ne da kwalekwalensu suka fara ceton mutane. Agajin hukuma bai iso ba sai da gari ya waye, alhali sojoji ke tafiyar da jirgin.

Hukuma ta ce mutum 1,863 suka rasu, 64 suka tsira. Adadin ya zarce na Titanic da duniya ta haddace. Allah Ya jiƙansu.

Marubucin ya ziyarci maƙabartun Kantène da Kabadio da Mbao, inda aka binne gawarwaki da dama ba tare da an gane masu su ba. Ya shiga gidan tarihin tunawa da hatsarin da aka buɗe a bakin kogin Kasamas a Janairun 2024. Gini ne mai kyau, amma a ganina bai biya iyalan bashi ba. A 2003 aka rufe shari'a a Senegal, aka jingina laifi ga kyaftin ɗin da ya mutu a jirgin. Shi kuwa jirgin har gobe yana ƙarƙashin teku da sauran mamata, iyalai na roƙon a ɗago shi.

Mu da muka yi jana'izar 'yan Islamiyya a Bagwai a 2021, bayan kwalekwale ya kife da su, mun san ɗacin lodin da ya wuce kima.

Ranka ya daɗe, mai ƙaddamarwa, ga littafi. Bismillah.