Abin da Ya Sa Sabuwar Mota Ta Ke Shan Mai Cikin Gari

Jawabin da aka yi wa Iyayen Ƙasa da malamansu a Kalambaina



Akwai wata ƙara da a kan yawaita kawowa. Uban Ƙasa ya sami sabuwar mota, an gaya masa ba ta shan mai. Aka tafi Gusau da ita aka komo, magana ta tabbata. Amma da ta yi wata guda tana zirga-zirga tsakanin Kalambaina da cikin garin Sakkwato, sai malami ya kawo lissafi, aka ga kuɗin mai ya wuce zato. Nan take sai wani ya ce an cuce mu a wurin ciniki, wani kuwa ya ce direba ne ya ke zuƙe man. Sau da yawa duka biyun ba haka ba ne. Mutum kuwa ya kan rasa aikinsa da mutuncinsa a kan wannan zato.

Maganar ba ƙarama ba ce. Ran 29 ga Mayu, 2023, Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta koma wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, a watan Oktoba na 2024 kuma ta haura naira 1,000. Saboda haka ya wajaba mai riƙe da dukiyar jama'a ya san inda kowace lita ta ke tafiya.

Dalili na fari, kuma mafi girma, shi ne tashi da tsayawa. Kowa ya san jakin da aka labta wa kaya ya fi shan wahala wajen miƙewa bisa ga tafiya. Haka mota. Tayar da ita daga tsaye shi ya ke cin mai, in ta miƙe kuwa kaɗan ya ishe ta. To, sa'ad da direba ya taka birki, ƙarfin nan duka da aka saya da mai sai ya zama zafi a jikin birki, ya bi iska. Ga wani abin lura kuma: in aka ninka gudu sau biyu, ƙarfin da birki zai zubar ya ninku sau huɗu. Ku dubi hanyarmu ta nan. An kafa kamfanin siminti na Kalambaina a 1962, ya soma aiki a 1967, aka ƙara sababbin sassa a 2018 da 2022 a hannun kamfanin BUA. Manyan motocin siminti suna kan hanyar, ga kekunan haya, ga 'yan kabu-kabu, ga shataletale. Tsakanin nan da Babbar Kasuwa direba zai taka birki sau da yawa fiye da wanda ya yi doguwar tafiya a hanyar Birnin Kebbi.

Na biyu shi ne tsayuwa da inji a kunne. Dokin da aka ɗaure a turke yana cin harawarsa ko an hau ko ba a hau ba. Ƙaramar mota ta kan ƙone rabin lita zuwa lita guda cikin sa'a ɗaya tana tsaye, babba kuwa fiye da haka. Agogon da ya ke ƙidaya kilomita ba ya motsi a lokacin nan, don haka man ya tafi ba shi da shaida a takarda. A nan, ranku ya daɗe, sai ku gafarce ni. Sau nawa a kan shiga taro, ko gaisuwa a fada, ko ta'aziyya, a bar direba a waje da umurnin kada ya kashe mota don ta zauna da sanyi? Wannan man ba direba ya sha shi ba.

Na uku shi ne na'urar sanyi. Daga jikin inji ta ke samun ƙarfinta. A bazarar Sakkwato, watannin Afrilu da Mayu, zafi ya kan wuce digiri 40, sai na'urar ta yi ta aiki ba hutawa. Ita da sa'o'i ta ke ci, ba ruwanta da nisan tafiya. A babbar hanya sa'a guda ta kai ka kilomita tamanin ko fiye, a cikin gari kuwa watakila ashirin, amma abin da na'urar ta ci kusan ɗaya ne.

Na huɗu shi ne gajeriyar tafiya. Inji ba ya aiki sosai sai ruwansa ya yi zafi wajen digiri 90. Kafin nan ƙarin fetur a ke ba shi, baƙin mai kuma yana da kauri. Zafin rana bai wadatar ba, balle safiyar hunturu. Wanda ya ke tafiyar kilomita biyu ya kashe, an jima ya sāke tayarwa, yawancin tafiyarsa da inji mai sanyi ya ke yi.

Na biyar shi ne ƙananan giya. A giya ta ɗaya da ta biyu inji yana juyawa da yawa, ƙasa kaɗan ya ke ci. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa a tuƙin gari ƙarfin fetur da ya ke isa ga tayoyi bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba. Saura ya tafi a zafi da gugar ƙarafa da tsayuwa.

To, ina batun sabunta? Gaskiya ne sabon inji ƙarafansa ba su gama sabawa da juna ba, ya kan ɗan ƙara shan mai cikin kilomita dubban farko, amma ƙarin ba shi da yawa. Abin da ya fi ruɗin mutane shi ne lissafin da mai sayarwa ya faɗa. A ɗakin gwaji a ke samo shi, mota tana gudu bisa gangunan ƙarfe, ba cunkoso, ba rami, ba kaya. Turawa da kansu sun ga tsohon gwajinsu ya yi nisa da abin da a ke gani a hanya, shi ya sa ƙasashen Turai suka soma sabon gwaji a 2017. Motocin da su ke haɗa fetur da batir ne, irin Toyota Prius da ta fito a 1997, su ke mayar da ƙarfin birki cikin batir, don haka gari ba ya cutarsu kamar sauran.

Yanzu ga aikinku, malamai. Kowace mota a buɗe mata littafi. A cika tanki fal, a rubuta lambar agogon kilomita. Ran da aka sāke cikawa, a rubuta litar da ta shiga da sabuwar lamba. A raba kilomita da lita. Misali, in ta yi kilomita 360 da lita 30 a babbar hanya, kowace lita ta ba da 12. In ta yi 240 da lita 30 a gari, ta ba da 8. Irin wannan bambanci ba abin tuhuma ba ne. A ware shafin gari dabam, na tafiya dabam, a riƙa rubuta sa'o'in jira da inji a kunne. Kada a yanke hukunci da tanki ɗaya, sai an cika sau uku ko huɗu. In shan mai ya tashi farat ɗaya alhali aiki bai sāke ba, ko kuwa har a babbar hanya ta ke sha, ko fitilar inji ta kama, sa'an nan ne za a kai wa makaniki, sa'an nan ne kuma za a yi tambaya.

Ga direbobi kuma, a umurce su da abu biyar. Su tashi a hankali. Su hangi gaba, su ɗaga ƙafa daga totur tun da nisa. Su kashe inji in jira zai wuce minti ɗaya ko biyu, su nemi inuwa. Su auna iskar taya da safe kafin ta yi zafi. Su yi juye a kan lokacin da littafin motar ya faɗa. Ku kuma, ranku ya daɗe, a haɗa aike uku cikin fita ɗaya, a kuma fita kafin hanya ta cika.

Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Direban da aka kora bisa zato yana da iyali, wanda za a ɗauka a madadinsa kuwa hanyar nan zai bi, man nan zai ƙone. Littafi shi zai wanke mai gaskiya, shi ne kuma zai tona marar ita. Ina roƙon kowane Uban Ƙasa ya riƙa duba littafin motarsa a ƙarshen wata, ya sa hannu.

Allah ya ƙara wa Sarkin Musulmi lafiya, ya kiyaye mu a hanyoyinmu, amin.