Faɗuwar Suga Ga Mai Ciwon Zuciya: Abin Da Mai Jinya Ya Kamata Ya Sani

 

An ce in yi magana kan aikina na asibiti, sai na zaɓi abin da ya shafi gidajenmu na Hubbare. Da wuya a sami ɗaya cikinmu da bai taɓa shimfiɗa tabarma a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru yana jinyar wani ba. Da yawa cikin waɗanda ake kwantarwa zuciyarsu ce ta gaza: dattawa masu hawan jini, da mata masu jego, wanda ciwo ne sananne a ƙasar Hausa.

Kowa na tsoron hawan suga. To, faɗuwarsa ta fi saurin kisa, kuma tana samun mai ciwon zuciya ko da ba ya da ciwon suga. Ga dalili. Hanta ita ce rumbun sukarin jiki, ita ke sakinsa cikin dare idan ba a ci abinci ba. Idan zuciya ta kasa tura jini, sai ya taru a hanta, ta kumbura, rumbun ya kasa aikinsa. Ga majiyyaci kuma abinci ya fita ransa. In yana shan glibenclamide ko ana yi masa allurar insulin, ƙodarsa da ta yi rauni ba ta fitar da maganin da wuri, sai ya daɗe yana aiki a jiki. Kwinin ma, in aka ba shi don zazzaɓi, yana jawo suga ƙasa.

Wurin da ya fi damuna shi ne nan: magungunan zuciya irin su carvedilol suna ɓoye faɗuwar gaba da makyarkyatar da kan gargaɗi mutum. Abin da kan rage shi ne zufa. Sai a ga Baba ya jiƙe sharkaf da asuba, yana surutai, bai gane 'ya'yansa ba. Wasu su ce iska ce, wasu su fara laƙƙana masa kalmar shahada. Addu'a a yi ta, amma wani ya ruga ya kira nas, a tsaga yatsa a auna. Awon ba ya cin minti ɗaya. Ƙasa da 70 a na'urar, ko 3.9 a ɗaya ma'aunin, suga ya faɗi.

In yana iya haɗiya, a jiƙa sukari ƙaramin cokali huɗu a ba shi, a sake awo bayan minti 15. In ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, zai shaƙe. Ta jijiya ake ba shi.

Hajiyoyinmu, ku ne kuka fi kwana a gefen gado. Duk daren da ya ture kwanon tuwo, ku gaya wa nas kafin a kawo maganin suga. Wanda kuma aka sallama gab da azumi, ya ga likitansa kafin ya ɗauka.