Yadda Na Koyi Shiga Mota A Landan



An nemi in faɗi wani abu game da karatu a ƙasar waje, saboda ƙannenmu da ke shirin tafiya. To, ni maganar abin hawa zan yi, domin shi ne ya fara kunyata ni a Landan cikin Satumba na 2016, lokacin da ma'aikatarmu ta tura ni karatun digiri na biyu.

Kwana biyu da saukata na shiga wata jar bas mai bene, na miƙa wa direba fam biyar. Sai ya girgiza kai. Ashe tun 2014 bas-bas ɗin garin suka daina karɓar kuɗi a hannu. Ba kwandasta, ba ciniki, ba wanda za ka ce wa "a yi haƙuri, baƙo ne." Haka na sauka ana kallona. Kati ake saya, sunansa Oyster, a zuba masa kuɗi, a riƙa taɓa shi a jikin wani faifai rawaya. A bas sau ɗaya ne, wajen shiga. A jirgin ƙarƙashin ƙasa kuwa sai ka taɓa wajen shiga da wajen fita, in ba haka ba a cire maka kuɗin tafiya mafi tsada.

An kasa garin zobe-zobe, na ɗaya shi ne tsakiya, kuma yawan zoben da ka ratsa a jirgi shi ne yawan abin da za ka biya. Ni na kama ɗaki mai araha a Morden, a zobe na huɗu, ina ganin na yi wayo. Rabin abin da na rage a haya, jirgi ya cinye. Da na samu katin ɗalibai, mai rangwamen kashi 30 cikin ɗari a tikitin wata, sai na ɗan numfasa. Ranar da aljihu ya bushe kuma sai bas, domin fam ɗaya da rabi ce a lokacin, kome nisa. A watan da na isa ne ma magajin gari Sadiq Khan, wanda shi kansa ɗan direban bas ne, ya kawo tsarin shiga bas ta biyu kyauta cikin awa ɗaya.

Amma ranar da ba zan manta ba ita ce ta jarrabawar ƙarshe, a Mayu na 2017. Layin da nake bi, Northern, yana rabuwa biyu a tashar Kennington: reshe ɗaya ya bi ta Charing Cross, wato hanyata, ɗaya ya bi ta Bank. A nan nake canja jirgi kullum. Ran nan na duƙufa ina bitar takarduna, ban ɗago kai ba sai da na ji an ce London Bridge. Gabana ya faɗi. Wanda ya makara fiye da rabin awa ba ya shiga, ga shi da kuɗin gwamnati na zo, kuma bizata ba ta da ragowar wata shekara.

Na miƙe zan fita in koma baya, sai wata tsohuwa da ta ga halin da nake ciki ta tambaye ni inda za ni. Ta ce in zauna, rassan biyu suna haɗuwa a Euston, daga can in taka da ƙafa. Wallahi wata takwas ina kallon taswirar nan a bangon jirgi, ban taɓa lura da haka ba, saboda hanyata kaɗai na haddace. Malaminmu na labarin ƙasa yana nan zaune, ranka ya daɗe, a gafarce ni.

Na shiga ɗakin jarrabawa da makarar minti goma sha biyu, ina haki, rigata sharkaf. Na ci, alhamdu lillahi. Katin yana nan a gida, da sauran fam biyu a cikinsa, duk ƙanen da ya samu Landan ya zo ya karɓa.